Namijin Dabinon Tsakar Gidana

Litinin, 24 ga Fabrairu, da hantsi

Kuben fure na farko ya tsage. Tun kafin in ɗaga kai na sani, domin warin ya riga ya cika tsakar gida, warin nan na furen namijin dabino da marigayiya matata Huran take cewa yana hana ta shan shayi. Na tsaya a gindin itacen dafe da sanda, ina kallon farin fure ya leƙo ta tsagar, iska tana kwashe garinsa a banza.

Na share tsakar gida. Aikin da a da nake gamawa kafin ruwan shayi ya tafasa, yau sai da na zauna na huta a tsakani. Na jawo gadajen igiya biyu zuwa inuwa, na wanke kofuna, na lallaɓa shago na sayo sukari. Haka ake yi a gidan nan tun mahaifina yana raye. Ba mu da gonar dabino, namijin nan kaɗai muke da shi, amma duk macen dabinon da ke tsakanin korama da hanyar Khairpur da furensa ake ɗaura mata. Mai gona zai zo da ƙafarsa, ya zauna, ya sha shayi, mai hawa ya yanko kube, ni kuma in raba tsinkayen furen in miƙa da hannuna. Ba a biya, ba a kuma kai wa kowa gida. Sannan mutum ba ya karɓar namiji daga gidan da yake riƙe da shi a zuciya.

Wannan na ƙarshen ne ya sa na daɗe a kan wankin kofunan.

Wataƙila labari bai kai musu ba tukuna.

Talata, 25 ga Fabrairu, bayan la'asar

Ba wanda ya zo.

Laraba, 26 ga Fabrairu, da azahar

Sabhai matar maƙwabcina Bacal ta leƙo ta katanga. Ƙawar Huran ce, tun zuwanta unguwar nan ta mai da ni wanta, Ada take ce mini, kuma tun rasuwar Huran ba ta fasa miƙo kwano ba.

"Ada, karɓi. Daina kallona, kwanon da zafi."

Gurasa biyu ce da miyar ganye. Na ce, "Bacal ya san kina ba ni?"

"Bacal ya san tukunyar tawa ce. Ci."

Na ce mata itacen ya buɗe, na faɗa kamar maganar ta suɓuce mini ne.

"Hancina bai mutu ba. Har ɓaunar da muke tatsa ta sani. Jiya Mitho ya hau babur ya je kasuwar Therhi ya sayo kube uku. Kuɗin da suka yanka masa, da ɗan akuya ya sayo mini da na gode."

Mitho ɗansu ne. Ni na koya masa riƙe alli.

Ta gyara tsayuwa a kan abin da ta taka, ta rage murya.

"Ada, ba wanda ya ce kai ka cika kwalaben garin namijin nan na bara. Amma da sunanka aka sayar, da sunan itacen nan. Shekara ta zagayo, ba ka ce naka ne ba, ba ka ce ba naka ba ne. To me kake so mutane su ɗauka?"

Na ce miyar ta yi daɗi.

"Ko ɗanɗanawa ba ka yi ba," in ji ta, ta sauka.

Ba zan rubuta zancen kwalabe a nan ba.

Juma'a, 28 ga Fabrairu, bayan an sauko daga masallaci

A wurin takalma muka haɗu da Bacal. Tabarma ɗaya muka zauna a makaranta, shi ya bari ya koma gona, ni na zarce har na zama mai koyarwa. Duk tsawon rayuwarmu bai taɓa kirana da sunan girmamawa ba, sunana Sumaro kawai yake ce mini, ko a gaban sufeton makarantu. Yau ya ɗora hannu a ƙirji ya ce, "Sain Masta, an wuni lafiya?" har da Sain ɗin da ake ce wa manya, kamar yana gaida jami'in haraji. Na amsa. Ya sa takalminsa ya wuce.

Da zagina ya yi da na fi samun abin riƙewa.

Ya rame. Bara nonon dabinonsa ya fito ƙanana, ba ƙwallo a ciki, ya zube ɗanye tun zafi bai kankama ba. Na ga matan gidansa suna sharewa suna zuba wa dabbobi. Ba gonarsa kaɗai ba. Na san gonakin ɗaya bayan ɗaya, kuma ba na bin ta gabansu.

A hanyar gida na bi ta shagon shayi. Babura a jere, kowanne da kube ɗaure a baya, na kasuwa. Na ji wani yana tambayar wani, "Naka na itace ne ko na kwalba?" Aka kwashe da dariya. Da suka gan ni dariyar ta yanke. Wani tsohon ɗalibina ya miƙe da sauri ya ce, "Masta, bismillah, ga wuri." Na ce ina sauri. Mutum mai sanda da gwiwa irin tawa yana cewa yana sauri.

Asabar, 1 ga Maris, da safe

Wasu kuben sun ƙara tsagewa. Gari ya yi wa gadajen fari. Na kakkaɓe, na mayar da ɗaya ɗaki.

Lahadi, 2 ga Maris, da yamma

Punhal mai hawa ya zo. Ba don karɓa ba, shi ba shi da ko itace ɗaya, hawan na mutane yake yi tun yana saurayi har ƙafafunsa suka lanƙwashe. Ya shigo ba sallama kamar kullum, igiya a kafaɗa, lauje a ƙugu.

"Masta, angon naka yana ta ɓarin turare, ba amarya ko ɗaya. Wannan ai almubazzaranci ne."

Na ce masa ba ni da mai yanko mini.

"To ni gunki ne?"

Ya zagaya igiyar ya hau. Ina kallonsa yana matsa kowane kube da hannu yana kara kunne, wanda ya yi ƙaras-ƙaras ya isa, sai ya sa lauje. Ya sauko da su a hankali kamar jarirai. Muka zauna muna tsagawa muna rarraba tsinkayen, garin yana manne mana a gemu. Ya sha shayi kofi biyu. Shi ne mutum na farko da ya sha a kofunan nan bana.

"Ka ba ni in kai Therhi," in ji shi. "Can ba mai tambayar uban namiji. Wallahi Mitho ma zai iya saye, ya dawo yana cewa wannan ya fi na Masta."

Na ce a'a. Amma ban faɗa da wuri ba, kuma ya lura. Na ɗan hango abin a raina, furen gidana yana shiga gonakinsu ba su sani ba, ni ban buɗe baki ba, su ba su tako ƙofata ba. Na so abin. Wannan ma abin kunya ne.

Ya ce, "Ka san fa, shi famfon da aka fesa garin kwalaben nan da shi ba laifinsa ba ne. A manyan gonakin Kot Diji da famfo suke fesawa daga ƙasa, su gauraya garin namiji da fulawa, kuma dabinon yana haihuwa har rassa su sunkuya. Mu masu hawa ne yake kashe wa kasuwa. Gari mai rai kawai ake so. Shi kuwa abin da yaronka ya..."

Na ce shayinsa zai huce.

Ya dube ni, ya dubi kofin da ba komai a ciki, ya ce, "Ya huce kam."

Na shimfiɗa tsofaffin jaridu a ɗakin Huran na baza tsinkayen, na rufe taga don kada iska ko rana su taɓa su. In sun bushe a inuwa suna daɗewa da ransu. Ban san wa nake shanya wa ba.

Talata, 4 ga Maris, bayan magariba

Waya ta yi ƙara. Lambar Karachi, inda ɗana yake. Na bar ta ta gaji.

Laraba, 5 ga Maris, bayan magariba

Yau na ɗauka.

"Baba." Bayansa ƙarar motoci, da wani yana tallan wani abu. Ya tambayi gwiwata, ya tambaya ko ina shan maganin. Sannan ya ce, "Ya buɗe?"

Na ce ya buɗe.

"An zo?"

Na ce an zo, gida cike, sukari ma ya ƙare sai da na ƙaro.

Ya ce alhamdu lillahi, da irin muryar da yake yi yana ƙarami in ya fasa abu aka ce ba komai. Na ji numfashinsa ya sauka. Na ce ana kirana a waje.

Shekarun da na yi ina tsare yara a aji a kan ƙarya, ga ni yau.

Alhamis, 6 ga Maris, da hantsi

Da zarar raɓa ta bushe sai a fara jin su daga gonaki. Masu hawa suna kiran juna daga kan itatuwa, ana miƙa tsinkaye, ana zagin ƙaya. Daga nan ina iya ganin aikin ido rufe: a buɗa furen macen, a cusa tsinkayen namiji a tsakiya kansu a ƙasa, a ɗan girgiza, a ɗaure da zaren ganye. Macen da ta buɗe ba ta jira, 'yan kwanaki ne ta rufe sha'aninta sai baɗi.

Na juya tsinkayen ɗakin Huran. Sun bushe da kyau. Garin da ya zuba a jarida na tattara na dangwale da auduga na adana.

Ba wanda ya zo.

Asabar, 8 ga Maris, da la'asar

Hadari ya taso daga yamma tun hantsi, kafin azahar ruwa ya sauko. Ba yayyafi ba, ruwa sosai, a watan da ba a saba ba. Jiya da yau da safe ne mafi yawansu suka ɗaura. Ruwa in ya sauka a kan furen da bai daɗe da karɓa ba, wanke shi yake yi tas, sai an sake.

Ina tsaye a ƙofar ɗaki ina kallon ruwan, sai na ji wani abu ya motsa a ƙirjina. Sai da na ɗan jima na gane murna ce. Mutane suna asarar wahalarsu da kuɗinsu karo na biyu, ni ina murna za su buƙace ni.

Na yi alwala na yi istigfari. Murnar ba ta tafi duka ba. Na rubuta ne don kada gobe in ce ban yi ba.

Lahadi, 9 ga Maris, da azahar

Rufin ɗakin Huran yana yoyo ta kusurwa. Na ja jaridun a durƙushe zuwa tsakiya, tashi kuma ya gagare ni sai da na rarrafa na kama ƙafar gado. Ba abin da ya jiƙe.

Punhal ya tsaya a ƙofa, taɓo har gwiwa.

"Therhi ta zama wurin makoki, Masta. Mazan farko duk sun gama. Abin da ake sayarwa yanzu baƙi ne, in ka girgiza ko atishawa ba zai sa ka ba, kuma ana kokawa a kansa. Naka ne kawai mai nawa, shi bai san sauri ba, kamar mai shi."

Na ce ya gaya musu akwai busasshe a ɗaki.

"Sun sani. Ni na gaya musu. Kowa ya dubi Bacal, Bacal ya dubi ƙasa. Shi ya fi kowa asara, in bai taka ba ba mai takawa."

Litinin, 10 ga Maris, da yamma

Na sake fito da gado na biyu. Rana ta fito. Na zauna fuskata a ƙofa har inuwa ta juya.

Ba wanda ya zo.

Talata, 11 ga Maris, da sassafe

An yanke kube biyu.

Jiya da magariba suna nan, ta ɓangaren katanga, na gan su. Yau sai kututturen, fari, yana ɗigar ruwa. A gindin katanga ga sawun ƙafa a taɓo, babba, ba takalmi. Yankan ya karkace daga dama ya gangara hagu. Bahago ne. Bahago ɗaya na sani da ke hawan dabino a unguwar nan, kuma na sha fama da shi a aji a kan ya riƙe alli da dama, ban ci nasara ba.

Na zauna a bakin gado na rasa abin da zan ji. Furen gidana ya shiga gonar Bacal, abin da nake so kenan. Amma abin da ake bayarwa kyauta da rana, da shayi, da addu'a, shi mutum mai 'ya'ya ya gwammace ya haura katanga ya ɗauka. Gara a kira shi ɓarawo da a gan shi zaune a gidana. Mu muka kai shi nan, ni da wanda ke Karachi.

Na ɗauki tsintsiya na shafe sawun.

Laraba, 12 ga Maris, da yamma

Sabhai ba ta leƙo ba. Na dafa shayi na ci da busasshiyar gurasa.

Akwai fasasshen tulu a gindin katanga, daidai inda mutum zai diro. Na kwashe gutsattsarin. Ƙofa ma ban sa mata sakata ba. Tsohon malamin makaranta yana gyara wa ɓarawonsa hanya. Da Huran tana nan da ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta ɗauki mayafi ta je ta yi abin da ni na kasa.

Alhamis, 13 ga Maris, da safe

An sake yanke ɗaya. Ƙofa a buɗe, amma ta katanga aka shigo.

Da azahar na tarar da kwano a kan katanga, a rufe, ba murya.

Juma'a, 14 ga Maris, bayan la'asar

Ban je masallaci ba. Na ce wa kaina gwiwa ce. Ba gwiwa ba ce. Ba na so in ga Mitho yana neman inda zai sa idonsa.

Na daɗe ina kallon itacen. Kuben da suka rage can ƙololuwa suke, cikin ƙaya, jikin itacen kuma bai gama bushewa ba. Mutum yana hawa cikin duhu, ba mai riƙe masa fitila, da gaggawar mara gaskiya. In ya faɗo, a tsakar gidana zai faɗo. 'Ya'yansa mata uku suna wucewa ta ƙofata in za su makaranta, ƙaramar tana gaishe ni har yanzu domin ba wanda ya gaya mata a daina.

Kuma abin da ya ɗiba ba zai kai ko'ina a gonar ubansa ba. Sauran mutane ba su da komai. Matan dabinon da ruwa ya wanke suna gab da rufewa, ɗakin Huran kuwa cike.

Na san abin da Sabhai ta ce. Na san shi tun kafin ta faɗa. Amma uba ne zai tsaya a gaban mutane ya faɗi wannan a kan ɗan da ya haifa? Ɗaya ne fa. Ba ni da wani.

Asabar, 15 ga Maris, da yamma

Zan rubuta yau, don in na bari gobe zan fara gyara wa kaina labarin.

Da raɓa ta bushe na naɗe busassun tsinkayen a farin zanen Huran, na ɗora a kafaɗa, na ɗauki sanda. Mahaifina bai taɓa fita da namiji daga ƙofar nan ba, kakana ma haka. Mai talla ne ke yawo da shi. Na bi bakin korama. Mata masu wanki suka daina buga kaya suna kallona. Na zauna a kan gada na huta, na sake zama a gindin wani mangwaro. Ban san hanyar ta yi tsawo haka ba.

Na tarar da su a tsakiyar gonar. Bacal a tsaye, Mitho a saman wata macen dabino, Punhal a kan ta kusa da ita, sai maƙwabtan gona su huɗu ko biyar da suka zo ganin ko za a rage musu wani abu. Punhal ne ya fara hango ni.

"Jama'a, yau ango da kansa ya biyo amarya."

Ba wanda ya yi dariya. Mitho ya juya fuskarsa cikin ganye.

Na sauke ƙunshin a gaban Bacal. Numfashina bai dawo ba, sai da na jingina da itace.

"Sain Masta, me ka ɗauko?"

"Namiji."

"Na wane itace?"

"Na gidana."

Ya gyaɗa kai a hankali. Bai ɗaga murya ba. "Bara ma haka aka ce mana."

Na dubi ƙasa. Akwai tururuwa suna jan wani busasshen fure. Na ji bakina yana magana kamar na wani.

Na ce, "Na bara ba na gidana ba ne. Abin da itacena ya bayar bara bai isa ya cika kwalaben da aka sayar a layinku kaɗai ba. Ban san abin da aka zuba a ciki ba. Ban tambaya ba. Wanda ya ce muku na gidana ne, ƙarya ya yi muku."

Na ɗauka ya isa. Bacal ya ce, "Wa?"

Ya sani. Duk wanda ke wurin ya sani, har tururuwan. Na ɗaga kai na dube shi, na ga ba mugunta ba ce a fuskarsa. Shekara guda yana jiran wani daga gidanmu ya faɗa.

Na ce, "Ɗana. Sawan."

Ga shi na rubuta.

Bacal ya durƙusa da ƙyar, shi ma gwiwar ta tafi, ya kwance zanen. Ya zaro tsinke ɗaya ya kaɗa a kan baƙin gefen mayafinsa. Gari ya zubo, rawaya-rawaya, har ya tashi. Ya shinshina.

"Da ransa," in ji shi.

Ya ɗebi nasa, ba da yawa ba, ya tura wa sauran zanen da ƙafar sandarsa. "Ku raba. Kada wanda ya zari fiye da matansa." Sannan ya ɗaga kai sama. "Mitho, sako igiya." Da igiyar ta sauko ya ɗaura tsinkayen, kafin ya saki ya ƙara da cewa, "Kuma daga yau ta ƙofa."

Daga cikin ganye aka ce, "To, Baba." Can kuma, ƙasa-ƙasa, "Masta, a yi haƙuri."

Na ce ya kula da ƙaya.

Ashe Bacal ya sani. Kunnuwansa sun yi ja, bai dube ni ba. Ya ce wa Punhal, "Sauko ka kai shi gida a babur, kada ya faɗi mana a nan a ce mu ne." Bai kira ni da ko wane suna ba, na da ko na yanzu.

A hanya Punhal yana ta surutu, wai in riƙe shi da kyau kada iska ta ɗauke ni. Ban ji rabin abin da ya ce ba. Ina ta jin muryata tana faɗin sunan. An karɓi furena, ni kuma na ajiye ɗana a gaban mutane kamar kayan da aka kama. Gaskiya na faɗa. Ban san gaskiya tana barin mutum da irin wannan ɗaci a baki ba.

Lahadi, 16 ga Maris, da la'asar

Zazzaɓi. Ina kwance a waje na ji sallama. Mutum biyu ne daga masu ƙananan gonaki na bakin hanya. Suka zauna a bakin gado, suka yi zancen ruwa da tsadar taki. Na tashi zan dafa shayi, ɗaya ya ce in kwanta, shi ya dafa. Punhal ya yanko musu na ƙololuwa, na miƙa musu daga kwance.

Bacal bai zo ba. Sabhai ta leƙo ta ce ya tafi duba ruwan gona. Ta ce, "Ka ci wannan duka, Ada, fuskarka kamar tsohuwar jarida." Ba ta yi zancen jiya ba.

Litinin, 17 ga Maris, bayan magariba

Sawan ya kira. Na ɗauka tun ƙarar farko, don na san in ta yi ta biyu ba zan ɗauka ba.

Ya ce muryata ta canza. Na ce mura ce. Ya ce, "Har yanzu ana zuwa?"

Na ce, "Mutum biyu suka zo, jiya. Kafin su ba wanda ya zo. Abin da na gaya maka rannan ba haka ba ne."

Kafin ƙarfin ya ƙare mini na gaya masa na je gonar Bacal, na gaya masa abin da aka tambaye ni da abin da na amsa, kalma da kalma, har sunan.

Motoci suna ta wucewa a bayansa. Na jira ya yi faɗa, ko ya ce ba haka aka yi ba, ko ya gaya mini abin da ke cikin kwalaben. Bai yi ko ɗaya ba. Can ya ce, "A gaban Kawu Bacal?"

Na ce a gabansa.

Na ji yana jan hanci. Ina riƙe da wayar da hannu biyu. Bai kashe ba, ni ma ban kashe ba, har aka kira isha.